Yadda iyali za su buɗe gidan abincin Meziko na halal a Zangon Kumasi

A biranen ƙasar Meziko akwai wasu ƙananan gidajen abinci da ake kira fonda, waɗanda iyali ɗaya ke riƙe da su a cikin unguwa, uwa tana kan murhu, 'ya'ya suna rarraba abinci, uba yana karɓar kuɗi. Abin da suke sayarwa shi ne abincin rana na gida a kan farashi ɗaya: romo ko miya, sai shinkafa, sai nama da aka dafa cikin miyar tumatir da barkono, sai wake, sai totiya, wato fayafayan gurasar masara, sai kuma ruwan 'ya'yan itace. Wanda ya taɓa tsayawa a layin masu waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Aboabo ko Asawase ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba. Babbar matsalar da ke hana Musulmi sakin jiki da wannan girki ita ce alade, domin ba a tsokarsa kaɗai aka tsaya ba, kitsensa ma yana shiga cikin soyayyen wake da ƙullin masara da gurasar fulawa, inda ido ba zai gan shi ba.

Akwai mutanen da suka riga mu warware wannan matsala. Yahudawan Meziko, waɗanda yawansu ya kai kimanin 40,000 kuma galibinsu suna zaune a babban birnin ƙasar, sun fito ne daga Halab da Dimashƙa na Siriya da kuma gabashin Turai, sun kafa ƙungiyarsu ta farko mai suna Monte Sinai a 1912. Addininsu ya hana su alade, saboda haka matansu suka koyi dafa abincin maƙwabtansu ta hanyar da ta dace da ƙa'idar da suke kira kosha. Wannan girki nasu shi ne ya fi dacewa iyalin Musulmi su ɗauka a matsayin madubi, amma sai an fahimci inda kosha ta haɗu da halal da inda suka rabu.

Duka biyun sun haramta alade da jini da mushe, duka biyun suna buƙatar yanka, kuma aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi. Sai dai kosha ta fi tsanani a wurare da dama: ba a haɗa nama da nono ko cuku a girki ɗaya, ba a ma dafa su a tukunya ɗaya, ba a cin raƙumi ko zomo, ba a cin kifin da ba shi da ɓawo a jikinsa kamar tarwaɗa, ba a cin kaguwa da jatan lande, kuma ana jiƙa nama a barbaɗa masa gishiri ya ɗauki kusan awa guda don a tsotse sauran jinin. A wuri ɗaya kuma ta fi halal sassauci, domin ba ta haramta giya ba. Saboda haka duk girkin da aka samo daga wurinsu sai an sake bin kayan haɗinsa ɗaya bayan ɗaya, a cire giyar da akan zuba a wasu tukwanen wake da wadda akan jiƙa nama da ita, a maye gurbinta da romo da ruwan lemun tsami.

Kada a rubuta kalmar kosha a allon shago. A wurin Yahudawa abincin da ake sayarwa a shago ba ya zama kosha na haƙiƙa sai mahaucinsu ne ya yi yankan kuma malaminsu yana sa ido a kan madafar. Gidan da ya bi manyan ƙa'idojin ba tare da wannan sa ido ba, cewa ake yi yana girki irin na kosha, ba a ce masa kosha kai tsaye. Namanmu yankan Musulmi ne, don haka abin da ya dace a rubuta shi ne halal.

To, me zai sa Musulmi ya raba nama da cuku alhali addininsa bai wajabta masa ba? Dalilin na kasuwanci ne. Cukun da ake shigowa da shi daga waje yana da tsada, kirim kuma yana saurin lalacewa idan aka ɗauke wuta, alhali fiya, wadda a nan ake kira paya, tana cika kasuwannin Asante a lokacinta. Masu girkin kosha suna kirɓa fiya da albasa da lemun tsami da gishiri su ɗora a kan nama a madadin kirim, kuma mai ci ba ya jin an rage masa komai. Wagashi kuwa, wato cukun nonon shanu na gida, sai a ware masa nasa kwanon da babu nama, a soya shi a haɗa da wake, tunda ya yi kama da farin cukun Meziko wanda shi ma ba ya narkewa a wuta.

Babban aikin yana wurin totiya, kuma ina ba da shawarar kada a buɗe ƙofa sai hannun mai yin ta ya faɗa. Mutanen Meziko ba sa surfa masara kamar yadda muke yi don tuwo, ba sa kuma barin ƙullin ya yi tsami kamar na dokunu. Dafa ta suke yi da farar ƙasa ta abinci, wato wadda ake kira calcium hydroxide da Turanci, ba farin yumɓun da wasu ke ci ba. A kowane kilo ɗaya na busasshiyar masara ana zuba giram 10 na wannan farar ƙasa a cikin ruwa lita 3, a dafa a wuta marar ƙarfi na minti 30 zuwa 45, har sai an murza ƙwaya tsakanin yatsu an ga ɓawonta ya saɓule alhali cikinta yana da sauran tauri. Daga nan sai a sauke a bar ta a cikin ruwan ta kwana, awa 8 zuwa 12, da asuba a wanke ta sau biyu ko uku ana cuɗawa. Wannan dahuwa ita ce ke sa ƙullin ya yi danƙo ya riƙe kansa ba tare da an sa fulawa ba, ita ce kuma ke sakin sinadarin niyasin da ke ƙulle a cikin masara, wanda rashinsa ke kawo cutar felagira ga masu dogaro da masara zalla. Dole ne farar ƙasar ta zama wadda aka yi don abinci, kada a kuskura a ɗebo ta masu gini ko shafen bango. Idan ba a samu ba, tokar itace mai tsabta da aka tankaɗe tana yin aikin, ko da yake sai an zuba ta da yawa kuma launin yakan yi duhu. A zaɓi masarar da ta bushe sarai, a tsince duk ƙwayar da ta yi funfuna, domin gubar funfuna ba ta tafiya da wanki kawai.

Idan an je wurin mai nika-nika, a roƙe shi ya wanke injin tukuna, musamman idan ya gama niƙa ƙullin banku mai tsami ko barkono, a kuma gaya masa ya matse faifan ya rage ruwa, domin abin da ake so ƙulli ne mai laushi da za a iya dunƙulawa, ba irin na koko ba. Sau da yawa sai an bi ta injin sau biyu. A yi alƙawarin lokaci da shi, ya zamana ku ne na farko da safe. Ana mulmula ƙullin dunƙule-dunƙule na kamar giram 30, a sa tsakanin leda biyu a danne da matsi, a ɗora a kan faifan ƙarfe mai zafi ba tare da mai ba. Bayan rabin minti a juya, bayan minti ɗaya a sake juyawa, idan ta kumbura to ta yi. Kilo ɗaya na masara yakan ba da totiya kusan 50. Matsin da faifan ƙarfen ba sai an yi odarsu daga waje ba. Maƙeran Suame Magazine za su ƙera su idan aka nuna musu hoto, a dai tabbatar faifan yana da kauri don kada ya riƙa ƙona tsakiya ya bar gefe ɗanye. A riƙa tara totiyar a cikin tsumma mai tsabta a rufe, domin tururin ne ke ƙarasa laushinta.

Sauran abincin bai kai wannan wuya ba, kuma kada ya wuce kala huɗu ko biyar a watannin farko. Jar shinkafar Meziko 'yar uwar dafa-dukarmu ce, bambancin shi ne ana soya ɗanyar shinkafar a mai har ta fara yin ja kafin a zuba niƙaƙƙen tumatir da tafarnuwa da romon kaza. Wake ana dafa shi ya yi luguf, sannan a soya albasa a zuba shi a dagargaza. A nan ne ake sa kitsen alade a can, mu kuwa sai mu yi amfani da man gyaɗa, ko mu narkar da kitsen kaza da albasa kamar yadda Yahudawan Turai suka saba, wanda shi ya fi ba da ƙamshi. Waken Meziko baƙi ne ko mai ɗigo-ɗigo, amma namu fari da ja suna yi. Tinga kaza ce da aka dafa aka yayyage kamar za a yi dambu, aka mayar cikin miyar tumatir da albasa da barkonon da ya sha hayaƙi. Biriya, wadda asalinta jihar Halisko ce, naman akuya ne da ake jiƙawa da busasshen barkono da tafarnuwa da kanumfari da kirfa, a dafa shi awa uku ko fiye har ya rabu da ƙashi, a ba da romonsa a kofi daban. A ganina wannan ce za ta fara jawo mutanen Zango, domin ta yi kusa da farfesun da suka sani. Akwai kuma wani tako, wato totiyar da aka naɗe nama a cikinta, da ake gasa namansa a tsaye kamar shawarma, wanda baƙi daga Lebanon suka kai Meziko da naman rago kafin 'yan ƙasar su musanya shi da alade. Wanda ya mayar da rago ya koma kan asali ne kawai.

Busassun barkonon Meziko ba a cika samunsu a kasuwar Kejetia ba, kuma bai kamata a ɗora sana'a a kan abin da sai matafiyi ya kawo ba. A haɗa busasshen tattasai don launi da zaƙi, da ɗan barkono don yaji, a gasa su sama-sama kafin a jiƙa a niƙa. Don ƙamshin hayaƙi, a shanya nunannen barkono a kan ragar ƙarfen mai tsire a bar shi ya sha hayaƙin itace a hankali har ya bushe. Abin sha kuwa yana nan a gida: abin da suke kira ruwan hamaika shi ne zoɓo, sobolonmu ke nan, suna kuma yin ruwan tsamiya.

Ta fuskar hukuma, a yi rajistar sunan sana'a a ofishin rajistar kamfanoni da katin Ghana Card, a nemi lasisin gudanar da kasuwanci daga majalisar da shagon yake ƙarƙashinta. A lura cewa Aboabo da Asawase suna ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong ne, ba ta babban birnin Kumasi ba. Duk wanda zai taɓa abinci, har da 'yar gida da ke taimakawa ranar Asabar kawai, sai ya yi gwajin lafiya ya karɓi takardar shaida, domin ita ce abu na farko da duba-gari ke tambaya. Hukumar abinci da magunguna ta Gana, wadda ke aiki a ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012, tana ba da takardar tsabtar abinci bayan ta duba wurin. Nama kuma a tsaya ga mahauci ɗaya da aka san inda yake yanka, ko mayankar Kaase ce ko wata da likitan dabbobi ke dubawa, don a iya ba da amsa kai tsaye idan mai saye ya tambaya.

Abin da ya fi rusa gidan abincin iyali ba wuta ba ce ko tsadar kaya, rashin fayyace magana ce tsakanin 'yan uwa. Tun kafin a sayi tukunya, a zauna a gaban dattijon gida a faɗi wanda ya sa jari da nawa ya sa, a yanka wa kowane mai aiki albashi ko da kaɗan ne, har da Hajiya da ke kan murhu, domin aikin da ba a biya shi ne ke zama ƙorafi bayan shekara. Mutum ɗaya ya riƙe aljihun kuɗi da lambar Mobile Money ta shago, wadda ba ta wani ɗan gida ba ce, a rubuta shiga da fita kowane dare. Kawu ko gwaggo idan suka zo, a ba su abinci da girmamawa, amma a rubuta shi a littafi da sunan kyauta don a san abin da ya fita. Bashi a unguwa ba ya kaucuwa gaba ɗaya, sai dai a sa masa iyaka, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa ba da izininsa. Yara 'yan makaranta su taimaka bayan an tashi, kada shago ya cinye musu boko ko makarantar allo.

Mutanen unguwa ba su san sunayen nan ba, saboda haka a rubuta kowane suna da bayaninsa da Hausa da Turanci, misali biriya, naman akuya mai romo. A makon farko a riƙa ba masu wucewa tako ɗaya su ɗanɗana, a nuna musu cewa da hannu ake ci, a naɗe totiyar kamar yadda ake naɗe tsire a gurasa. Ɗaliban jami'ar KNUST da ke zaune a Ayeduase da Kotei sun riga sun ga wannan abinci a wayoyinsu, don haka yana da kyau a samu ɗan gida mai babur da zai riƙa kai musu, a nannaɗe totiyar daban da naman don kada ta jiƙe a hanya. Ranar Juma'a a dafa biriya da yawa don masu fitowa daga masallaci. Da azumi kuwa a mayar da aikin gaba ɗaya zuwa yamma: a dafa masarar bayan sallar isha, a kai niƙa da hantsi, a fara gasa totiya bayan la'asar, zoɓo da ruwan tsamiya su riga su yi sanyi kafin a kira magariba.