Yadda nake koyar da yaƙin sama da na teku da kwali da takarda

Shekarar da na fara koyar da Yaƙin Duniya na Ɗaya a nan Garwa, cika allo na yi da shekaru, yara suka kwafe tsaf. Ranar jarrabawa wani ya rubuta mini cewa Lusitania jirgin sama ne, alhali jirgin ruwa ne na fasinja. Tun daga nan na daina fara darasin da alli. Ga yadda nake yi yanzu, ko wani malami zai tsinci abin da zai yi masa amfani.

Ka fara daga ƙofar gida. Tambaye su wa ke riƙe da Kamaru a 1914, za a sami mai cewa Jamus. Sai ka gaya musu a garin nan ma an gwabza: sojojin Jamus na Garwa sun miƙa wuya a watan Yuni na 1915, na kan dutsen Mora kuwa suka dage har Fabrairun 1916. Minti biyar ya isa.

Daga nan ka fito da kayan aiki. Kwali ka yanke shi siffar farfela, wato fankar da ke juyawa a gaban jirgin sama, ka huda tsakiya, ka kafa shi da ƙusa a kan sanda yadda zai riƙa juyawa. Harsashi kuwa takarda ce a dunƙule. Kada ka kawo gyaɗa. Na gwada sau ɗaya, harsashin ya ƙare a baki tun ba a fara yaƙi ba.

Kafin a taɓa kwalin, ka bayyana cewa da farko aikin jirgin sama leƙen asiri ne, ya duba inda abokan gaba suka taru ya dawo da labari. Matuƙa kan harbi juna da ƙaramar bindiga, da ƙyar ake samun wani. Ranar 5 ga Oktoba 1914 ne wasu Faransawa biyu, Frantz da Quénault, suka harbo jirgin Jamus. Yanzu sa yaro ɗaya ya riƙa juya farfelar a hankali, wani ya tsaya bayanta ya yi ta jifa ta cikinta. Wasu dunƙulen za su wuce, wasu su daki kwali. Tambaye su: in wannan katako ne, jifan kuma harsashin bindiga mai jigida ne, me zai sami matuƙin? Bar su su yi gardama, nan ne zuciyar darasin.

Amsoshinsu biyu ne kusan kullum, kuma duka biyun an yi su. Mai cewa a sa wa farfela ƙarfe, dabarar Roland Garros ya faɗa, wanda filin wasan tanis na Faris ke ɗauke da sunansa. A Afrilun 1915 ya harbo jiragen Jamus da farfela mai ƙarfen kariya, kafin jirginsa ya sauka a yankin Jamusawa su kama shi. Mai cewa a jira farfela ta wuce sannan a harba, shi ya bi hanyar kamfanin Anthony Fokker, inda aka haɗa kunamar bindiga da juyawar inji. Ka sa yaro na uku ya tafa duk lokacin da fiffiken ya gifta, mai jifa kada ya saki sai ya ji tafi. In sun saba, jifa goma sai ta wuce ba ta taɓa kwali ba.

Ƙa'idojin da Oswald Boelcke ya tsara wa matuƙan Jamus a 1916 ba na karanta su duka. Ɗaya nake ɗauka: ka sa rana a bayanka. Fitar da su fili bayan la'asar, tsayar da yaro ɗaya ta yamma, ka ce sauran su faɗi yatsu nawa ya ɗaga. Ranar Garwa za ta ƙarasa bayanin. Richthofen, matuƙin Jamus, da jirage 80 da ya harbo ka ambace shi a wuce, ɗalibin Boelcke ne.

Tunda kuna fili, ku shiga teku. Filin makaranta shi ne Atilantika. Yaro ɗaya ya tsuguna gindin dogon yaro, ya naɗe takarda ya riƙa leƙe ta ciki da ido ɗaya: shi ne jirgin Jamus mai nitso. Ba shi tsakuwa shida a hannu a matsayin tofido, bam ɗin da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa, ba don jifa ba. In ya hango mai wucewa ya kira sunansa, sai ya ajiye tsakuwa ɗaya, wanda aka kira ya zauna, ya nitse ke nan. Yara goma su tsallaka da jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙirga waɗanda suka zauna.

A nan nake tsayawa in daɗe, don wasan ya kan sa su dariya, abin kuwa rayuka ne. Dokar teku ta ce a tsayar da jirgin 'yan kasuwa, a bar mutanensa su shiga kwale-kwalen ceto kafin a nutsar da shi. Haka aka yi wa jirgin Glitra a Oktoban 1914, ba wanda ya mutu. Amma mai nitso in ya fito fili ya zama abin farauta, balle da Ingila ta fara ɓoye igwa a jiragen da suka yi shigar 'yan kasuwa. A Maris na 1915 aka nutsar da jirgin fasinja Falaba, wanda ya taso daga Libaful zuwa Afirka ta Yamma, mutum 104 suka halaka. Ranar 7 ga Mayu jirgin Jamus mai nitso, U-20, ya harbi Lusitania kusa da gaɓar Ailan, kusan mutum 1,200 suka mutu, 128 daga ciki 'yan Amurka. Da Jamus ta koma nutsar da jirage ba gargaɗi a Fabrairun 1917, Amurka ta shiga yaƙin ranar 6 ga Afrilu. A wannan watan kaɗai nauyin jiragen da aka nutsar ya haura tan 800,000.

Sai zagaye na biyu. Goman nan su tsallaka a dunƙule, lokacin da suka ga dama, da 'yan rakiya biyu a gefe. In mai leƙe yana kallon wani wuri, duk sun wuce. In ya kira suna, ya tona inda yake, 'yan rakiya su ruga su dafa shi. Abin da Ingila ta fara ke nan daga Mayun 1917, asara ta ragu ƙwarai. Ni ayari nake kiransa, da madugu da komai, kowa ya gane.

Bara wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai haka Baba yake yi in zai kai kaya Kusuri, sai motoci sun taru sojoji sun zo." Na ce ta fito gaban aji ta faɗa musu inda motar sojojin ke tsayawa a jerin, ni kuma na koma gefe ina tattara takardun da aka jefa.