Yadda ake kula da kare mai bajajjen hanci a zafin Zariya

Duk mai sha'awar Pug ko French Bulldog, wato irin karnukan nan masu bajajjen hanci, ya fara sanin cewa ba karen gadi ba ne, ba na farauta ba, ɗan zaman gida ne kawai, kuma duk wahalarsa a hancin nan take. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafin jiki, shi kuwa wannan ƙofofin hancinsa a matse suke.

Tun wajen saye, ka duba hancin kwikwiyon. In yana kwance ba ya komai amma kana jin numfashinsa kamar minshari, haƙura da shi komai kyansa.

Da ka kawo shi gida, sai likita. Asibitin koyarwa na dabbobi na ABU yana nan Samaru. Rigakafin farko daga sati 6 zuwa 8 ake farawa, ta haukan kare kuma wajen wata 3 sannan a riƙa sabuntawa, a haɗa masa da maganin tsutsar ciki da na kaska.

Sai babbar maganar, zafi. Daga Maris zuwa Mayu kar ka kuskura ka fita da shi da rana, bayan asuba ko bayan magariba kawai, shi ma ɗan zagaye, kuma ka taɓa kwalta da hannunka tukuna ka ji ko da zafi, kar ta ƙona masa ƙafa. Ka ware masa wuri mai inuwa da tayil ko siminti, ruwa kullum a gabansa, in da hali fanka mai caji ko ta sola don ka san halin wutarmu. In ka ga haki ya yi yawa, yawu na dalala, harshen ya fara shuɗi-shuɗi, jiƙa shi da ruwan randa ka sa shi gaban fanka, ku wuce asibiti nan take. Barinsa cikin mota a rufe kuwa ko na minti biyar, a'a.

Igiyar wuya na shaƙe shi, sayi mai kama ƙirji. Lanƙwasar fatar fuskar kuma ka goge da tsumma mai ɗan laima ka busar, musamman da hunturu da ƙura ke maƙalewa, idon ma a waje yake, in ya yi ja ko yana runtsewa kar ka jira.

Abinci da awo, Pug dai kilo 6 zuwa 8 ya isa, ƙiba na ƙara toshe masa numfashi. Ban da albasa da cakulan, guba ne gare shi. Kwanonsa daban, wurinsa nesa da inda ake sallah, kuma kar ka sake shi a layi ya shiga gidan maƙwabta.