Yadda oga zai sa ma'aikata su kiyaye kansu a wurin aiki

Idan kai ne shugaba, ka sani yaranka sun fi kallon ƙafarka a kan allon gargaɗin da ke bango. Ka shiga filin aiki ba hular kwano, ba takalmin kariya, wai minti biyu kawai za ka yi, to gobe kowa zai samo nasa minti biyun.

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne yadda kake karɓar mummunan labari. Yaro ya zo ya ce, "Oga, saura ƙiris ƙarfen nan ya faɗo mini." In ka ɗaure fuska ka tambayi wa ya yi sakaci, ka rufe bakinsa ke nan, da na duk wanda ke tsaye a wurin. Ka yi masa godiya, ka tashi ku je ya nuna maka, a gyara a ranar. Da Paul O'Neill ya karɓi shugabancin kamfanin Alcoa na Amurka a 1987, ya kafa dokar cewa duk wanda ya ji rauni, labari ya iso gare shi cikin awa 24, tare da matakin hana sake faruwarsa. Raunuka suka ragu ƙwarai, riba kuma ta ƙaru.

Ka ba kowa ikon tsayar da aiki in ya ga alamar haɗari, har wanda ya fara jiya. Amma ranar da ya tsayar kuma aka ga ba komai, a nan za a gwada ka. Kada ka yanke masa ko sisi.

Kula da lokacin miƙa aiki. A 1988, a dandalin haƙar mai na Piper Alpha a tekun Birtaniya, masu aikin rana sun cire bawul na wani famfo, saƙo bai isa ga na dare yadda ya kamata ba, suka kunna famfon, gas ya fita, dandalin ya kama da wuta. Mutum 167 suka mutu. Don haka a miƙa aiki baki da baki, a kuma rubuta.

Batun juriya kuwa, ni ban yarda da wanda ke alfaharin kwana biyu bai runtsa ba. Gajiya ce ke sa ƙwararre tsallake matakin da ya haddace, ga kuma sabo, wanda aka ce turken wawa ne. Mai juriya shi ne wanda, ana masa ihun a yi sauri, zai kashe inji ya sa kwaɗo kafin ya cusa hannu. In ka ga idon mutum ya yi ja ko hankalinsa na gida, ɗauke shi daga kan inji ranar, ka ba shi aikin da ba haɗari.