Yadda na kashe kukan bawul a amfilifayata

Amfilifayata (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai bawul, wato ƙananan kwalaben gilashin da ke ƙarfafa sautin, ta fara wani siririn kuka duk sanda na ƙara murya. Na ɗauki fensir, na bi bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa a hankali. Ina taɓa bawul na farko, samfurin 12AX7, sai ƙara ta fito ta sifika kamar an bugi kofin tangaran. Ashe girgiza ce ke kaɗa ƙananan ƙarafan cikinsa, shi kuma ya mayar da ita sauti.

Na cire wuta, na bari ya huce, na zura masa zoben silikon guda 2 don su rage girgizar. Silikon fa, domin robar gama-gari ba ta jure zafin. Na kuma janye amfilifayar daga jikin sifika, kukan ya ɗauke.