Yadda za ka samu wurin IT a harkar waƙa da sauti in kana karatu a Kebbi

Duk shekara in lokacin hita IT, wato koyon aiki a ma'aikata da makaranta ke tura ɗalibai, ya matso sai ka ga ɗalibai sun yi dandazo ma'aikatu da takarda a hannu, wasu har watannin su ƙare ba abin da suka koya sai zaman benci da sayo ma oga abinci. Ga kuma yaro kullum hedifon na kunne, shina da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a laftof, amma bai taɓa kawowa ranshi zai iya kai takardarshi situdiyo ba. Ana yi, sai dai akwai hanyar da ake bi.

Kafin ka taka situdiyo ko ɗaya fara zuwa ofishin SIWES na makarantarku, wato ofishin da ke kula da tsarin IT, ko kwalejin fasaha ta Waziri Umaru kake, ko jami'ar tarayya ta Kalgo, ko ta Aliero, ko kwalejin ilimi ta Adamu Augie ta Argungu. Wanga tsari hukumar horas da ma'aikata ta ITF ce ta kawo shi tun 1973 kuma sharaɗinshi shi ne wurin da za ka ya dace da kwas ɗinka. To ka tambayi kodineta kai tsaye, Malam in na kawo gidan rediyo ko situdiyo za a amsa? Ɗan Mass Comm ba shi da matsala, ɗan kwamfuta zai iya cewa aikin editin da sarrafa sauti zai koya, ɗan lantarki kuma ga miksa ga amfilifaya ga haɗin waya. In kimiyyar noma kake karantawa kada ka wahal da kanka, bari sai hutu ka je koyo na ganin dama. 'Yan jami'a galibi wata 6 suke yi, 'yan ND (ƙaramar difloma) wata 4, amma wanda ya fi kowa sa'a shi ne mai IT na shekara 1 bayan ND kafin ya koma HND (babbar difloma), don shi ya fi sakewa wurin zaɓe kuma shekara ta isa hannu ya faɗa.

In ka samu amsa sai ka zauna ka rubuta wuraren da za ka gwada, kada ka ɗora rai a wuri guda. Gidajen rediyo da talabijin na Birnin Kebbi irin su Equity FM da Kebbi Radio da NTA su suka fi sauƙin shiga takarda don makaranta ta san su, amma ka roƙa a kai ka ɗakin haɗa shiri inda ake ɗaukar murya da yin jingul na talla, in ba haka ba ɗakin labarai za a tura ka. Sai ƙananan situdiyo na cikin gari masu ɗaukar waƙar biki da ta siyasa da bege. Sai masu hayar lasifika da kayan sauti, waɗanda mutane ke rainawa alhali wanda ya bi su biki goma da wa'azi da taro ya fi wani mai zaman situdiyo sanin abin da ke sa makirfo kuka. In Kano kake hange, Zoo Road ne matattarar masu kiɗa da 'yan fim, to amma ka fara lissafin masauki da abinci da kuɗin mota, kuma ka tabbata makaranta za ta iya tura sufabaiza can.

Yanzu ga inda yawanci ake ɓata lamari. Saƙon WhatsApp na “slm oga ina neman IT” ba wanda zai kula shi. Ka je da ƙafarka, in da hali tare da wanda mai wurin ya sani, ko ɗan amshi ne ko mai ɗaukar bidiyon biki, don harkar ga ta sanayya ce. Ka je bayan la'asar, da safe da wuya ka tarar da mai situdiyo don da yawansu dare suke raba wa suna aiki. Ka gaisa da kyau, ranka shi daɗe ni ɗalibi ne, makaranta ta turo mu koyon aiki, ina son in koyi ɗaukar murya da gyaran sauti. Don Allah kada ka buɗe baki da cewa kai mawaƙi ne kana da waƙoƙi a littafi, irinka goma suke gani a rana masu neman a buga musu kiɗa kyauta, nan take zai sa ka layinsu. Abin da shike so ya ji shi ne akwai mai naɗe waya, mai tada janareta in an ɗauke wuta, mai zama gaban kwamfuta ya yanke numfashi da tari daga murya ba ya gajiya. Ka riƙe filash da aikinka guda biyu ko da a waya ka haɗa su, in ya nema ka kunna, in bai nema ba ka bar shi a aljihu.

In ya yarda, takardar amincewa ita ce magana. Ta zamo da sunan kamfani a sama, adireshi, lambar waya, sa hannu da sitam. Situdiyo da yawa ɗaki guda ne ba rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba sitam, to wanga ba zai wuce ofishin SIWES ba komi ƙwarewar mai shi. Mafita mai tsabta ita ce ka yi IT ɗinka a rediyo da rana, da yamma ka dinga zuwa wurinshi koyo. Ke kuma ɗaliba, ki tsaida lokacin zuwa da tashi tun ranar farko kuma a gida a san wurin da mai wurin.

Ka kai ma makaranta takardar amincewar da wuri, ka cike fom ɗin fara aiki, ka amshi logbuk, littafin rubuta aikin da ka yi. Ka dinga cika shi kullum da abin da ka yi na gaskiya, yau na saita makirfo, yau na koyi rage ƙarar fiyano don murya ta hito, oga ya sa hannu ƙarshen sati, don in ka tara sai ƙarshe duk shafukan za su zama iri ɗaya kuma wurin difens, inda za ka kare rahoton IT ɗinka gaban malamai, za a gane. Kada ka gina cefanenka a kan alawus, kuma kada ka zata mai situdiyo zai biya ka, in ya ba ka na mashin ka gode.

Sai maganar amana. Waƙar da ba a saki ba kada ta shiga wayarka, ko daƙiƙa goma kada ka ɗora a status ko TikTok, mai ita ya kashe kuɗinshi kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayanshi, balle labari in ya zaga ba situdiyon da zai sake buɗe maka ƙofa. Haka kai ma in ka kai ga buga kiɗa da hannunka, ku yi magana tun kafin a ɗora Audiomack ko YouTube, za a sa sunanka ko a'a. Satin ƙarshe ka kai Form 8, wato fom ɗin kammala IT, a sa hannu da sitam, sannan ka nemi izini a ba ka aiki biyu ko uku da ka taɓa waɗanda an riga an saki, su za ka kunna wurin difens kuma su za ka nuna in ka je neman aiki.