Yadda za a bar taba ba tare da ƙuncin rai ya mayar da mutum baya ba

Da yawa daga cikin masu komawa shan taba, abin da ke kayar da su shi ne ƙuncin rai da saurin fushi da rashin barci da ke biyo bayan bari. Wannan aikin nikotin ne, domin ƙwaƙwalwa ta saba samun sa cikin daƙiƙa kaɗan bayan kowace zuƙa, kuma idan aka yanke mata sai ta yi bore. Abin ya fi tsanani a kwana 3 na farko, sannan yakan lafa cikin mako 2 zuwa 4. Mai shan sigarin lantarki ma haka zai ji, tun da yawancin ruwan da ake zuba masa yana ɗauke da nikotin.

Da farko ka tsayar da rana, ka sanar da iyalinka da abokan fadarka, wato wurin da kuke zaman hira da shan shayi, ka fitar da kwali da ashana daga ɗaki. Ka sauya hanyar da ke bi da kai ta gaban mai tebur, domin a Yamai sayar da sigari kara-kara na sa mutum ya ruɗi kansa cewa ɗaya ba komai ba ne. Watan azumi dama ce mai kyau, muddin ba a rama bayan shan ruwa ba.

Fada ce wurin da ya fi wuya, kuma akwai wani dalili da ba kowa ya sani ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta gaggauta fitar da kafin, wato sinadarin nan mai hana barci da ke cikin shayi da goro. Da zarar ka bari, kofi uku na shayin da ka saba sha sai su yi maka ƙarfi fiye da da, zuciya ta riƙa bugawa, barci ya ƙaurace, ka ɗauka rashin taba ne kawai. Ka bar kofin farko mai ɗaci ya wuce ka, ka rage goro, musamman bayan magariba.

Idan sha'awar ta taso, mintuna kaɗan take yi ta sauka. Ka sa asuwaki a baki, ka sha ruwa, ko ka tashi ka taka zuwa bakin kogi. Kada ka musanya sigari da shisha ko taba gari, balle tramol, wanda ya fi abin da kake gudu sharri. Cingam da filasta masu nikotin suna rage wahalar, amma ka nemi shawarar likita ko mai farmasi kan adadin da ya dace da kai.

Dole ne kuma a bambanta ƙuncin bari da ciwon damuwa. Idan baƙin cikin ya wuce mako 2 yana ƙaruwa, abinci ya fita ranka, aiki da mutane suka gundure ka, ka je cibiyar lafiya ta unguwarku ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa. Idan tunanin cutar da kanka ya zo, ka gaya wa wani na kusa, ku tafi a ranar. Wanda ke shan maganin taɓin hankali ya sanar da likitansa kafin ya bari, domin wasu magungunan sai an sake daidaita adadinsu.

In ka zame ka sha kara ɗaya, ka jefar da sauran, ka lura da wuri da lokacin da abin ya faru, ka shirya abin da za ka yi a daidai wannan lokacin washegari.