Idan Kukan Jariri Ya Kai Ki Bango

Kukan jariri yakan tsananta wajen mako 6 da haihuwa, ya lafa a wata 3 zuwa 4. A tsakanin nan ne haƙurin iyaye da masu reno ke ƙarewa, har a girgiza yaro don ya yi shiru.

Kada ki kuskura. Kan jariri ya fi ƙarfin wuyansa. Girgizawar 'yan daƙiƙu takan sa ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai, jijiyoyin jini su tsinke, sai makanta, farfaɗiya ko mutuwa, alhali sau da yawa babu ko ƙwarzane a fata. In ranki ya ɓaci, kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ki fita minti 10, ko ki miƙa wa wani babba.

In an riga an girgiza shi, a kai asibiti nan take, a faɗa wa likita gaskiya. Ɓoyewa ke sa a makara wajen gano jini a kai.

Jinkiri ma yana kisa. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya ƙi nono, ko ya sandare, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko tafin ƙafarsa ya yi rawaya, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, asibiti za a nufa ko tsakar dare ne, ba a tsaya jiƙo ba. Ki ƙirga numfashin cikakken minti ɗaya, lokacin da ba ya kuka.